Ruwa ko Imani: Matsayin Baftisma a Wurin Kiristoci



A shekarar 1900 Bishof Tugwell da Likita Miller na ƙungiyar C.M.S. suka iso Kano, amma Sarki Alu ya sallame su bai ba su izinin zama ba. Ko bayan da Turawa suka ci garin a 1903, ba a bar 'yan mishan sun kafa majami'a a cikin ganuwa ba, sai dai a waje. To, amma ganuwa ba ta hana cuɗanya ba. Mutumin Ƙofar Nassarawa yakan fita zuwa ofis, ko kasuwa, ko Asibitin Ido wanda S.I.M. ta buɗe a 1943, ya yi hulɗa da Kiristoci. Ya kamata kuwa ya san abin da suka yi imani da shi yadda yake, gama jahiltar maƙwabci ke jawo yi masa ƙage.

Daga cikin mas'alolin da malamansu suka daɗe suna saɓani a kai akwai baftisma, watau tsoma mutum cikin ruwa, ko zuba masa ruwan a ka, don shigar da shi addinin. Shin wanda ya mutu ba a yi masa ita ba zai sami ceto? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce a wurin uwar da jaririnta ya rasu kwana biyu da haihuwa.

Katolika suna cewa baftisma wajibi ce, domin ita ke wanke zunubin da suka yi imani kowa ya gada daga Annabi Adamu. Hujjarsu tana cikin sura ta 3 ta Linjilar Yohanna, inda aka sanya haihuwa ta ruwa da Ruhu sharaɗin shiga mulkin Allah. Babban malaminsu Agustin, wanda ya rasu a 430 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya tsananta har ya ce jaririn da ba a yi wa ba bai tsira ba, ko da yake azabarsa ita ce mafi sauƙi. Majalisar Trent ta jaddada wajabcinta a 1547. Duk da haka sun bar ƙofa biyu a buɗe: wanda aka kashe saboda addininsa kafin a yi masa, da wanda ya ƙudura niyya ajali ya riga shi. A 2007 kuma hukumar malamansu a fadar Paparoma ta bayyana cewa akwai dalilin sa rai ga tsirar irin waɗannan jarirai.

Su kuwa E.C.W.A. da Baftis, a wurinsu bangaskiya ce ke ceto, ruwa shaida ce kawai a gaban jama'a. Shi ya sa ba sa yi wa jarirai, sai wanda ya yi hankali ya furta da bakinsa. Suna kafa hujja da sura ta 23 ta Linjilar Luka, da labarin mai laifin da, a ruwayarsu, aka yi wa alkawarin Aljanna yana bakin mutuwa, ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa shi ba.

Mai lura zai ga cewa ɓangarorin nan sun fi kusa da juna fiye da yadda gardamarsu ke nunawa. Masu wajabta ruwa sun yarda cewa rahamar Allah ba a ɗaure take da shi ba. Masu dogara ga bangaskiya kuma ba su yarda mai iko ya yi watsi da shi ba, don suna ɗaukarsa umurni ne.

A Musulunci ba a san gadon zunubi ba, kowane yaro a kan fiɗira ake haifarsa. Amma tambayar zahiri da baɗini ba baƙuwa ba ce. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan wankan shiga Musulunci, sai dai kalmar shahada ce ke shigar da mutum, ba wankan ba. Malaman sira sun kawo labarin Usairim, wanda ya musulunta ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, ya yi shahada bai taɓa yin salla ko ɗaya ba, aka kuma yi masa bushara da Aljanna. Abin da ya hana shi salla rashin lokaci ne, ba raini ba.

Nan ne ma'aunin yake. Wanda ajali ya tare shi a kan hanya yana da uzuri, wanda ya sami dama ya ƙi ba shi da shi. Haka kuma wanda ya cika alwala alhali zuciyarsa cike take da ha'inci, to, gaɓoɓinsa kaɗai ya wanke. Ruwa yana tsarkake abin da ya kai gare shi ne, zuciya kuwa sai tuba. Hukuncin makomar bayi na Mahaliccinsu ne Shi kaɗai.

Allah Shi ne Mafi sani.