Tsakanin Naruto da Rock Lee, Wa Ya Ci Guminsa?

Duk wanda ya kalli Naruto ba zai manta da ranar da Rock Lee ya kwance ƙarafan da ke ɗaure a ƙafafunsa ba. Ana jarrabawar ƙarin matsayi ta matasan ninja, aka haɗa shi da Gaara, yaron da yashi ke tare masa duka ko bai ɗaga hannu ba. Lee ya saki ƙarafan daga sama, suka faɗo suka farfasa daɓen zauren. Sai a lokacin aka gane duk zafin naman da ya nuna, da wannan nauyi a ƙafa ya yi shi. An haife shi ba ya iya siddabarun da sauran ninja ke yi, jikinsa kaɗai ya rage masa, shi ya sa ya duƙufa atisaye dare da rana a hannun malaminsa Might Guy. Duk da haka aka kayar da shi. Gaara ya murƙushe masa hannun hagu da ƙafar hagu, ya miƙe tsaye a sume yana neman a ci gaba.

Na fara da Lee ne saboda shi ne ma'aunin da ya dace a auna Naruto da shi. Masashi Kishimoto ya fara wallafa labarin a Japan a 1999, ya kammala a 2014 da babi 700, kuma tun farko an gabatar mana da jarumin a matsayin ɗan fafutuka. Maraya ne, mutanen ƙauyen Konoha na ƙyamarsa, sau uku yana faɗuwa jarrabawar fita makaranta. Da ya kara da Neji, wanda ya yi imani cewa tun ranar haihuwa aka gama yanke wa kowa matsayinsa, Naruto ya doke shi, muka yi ta murna cewa naci ya kayar da gado.

Da tafiya ta yi nisa sai asiri ya fara tonuwa. Ashe mahaifinsa Minato ne, shugaban ƙauyen na huɗu. Mahaifiyarsa Kushina kuwa 'yar dangin Uzumaki ce, masu ƙarfin jiki da tsawon rai. Dilar nan mai wutsiya tara da aka kulle a cikinsa tun yana jariri rumbun ƙarfi ce da ba ya ƙarewa. Ko atisayen da ake yaba masa akwai wannan a ciki: yakan raba kansa gida ɗaruruwa, kowanne na koyo, ya tattara abin da suka koya a wuni guda, dabarar da Lee ba zai taɓa iyawa ba komai nacinsa. Wannan ya sa wasu masu kallo ke cewa ashe Neji ne mai gaskiya, sa'a ta fi manyan kaya.

Ƙorafin nasu yana da tushe, amma ina ganin ya tsallake wani abu. Dilar da muke kira sa'a, a shekarun farko masifa ce. Saboda ita iyaye ke janye 'ya'yansu daga kusa da shi. Gaara ma an kulle masa irin wannan dabba, kuma a farkon labarin ta mai da shi mai kisa ba tausayi. Kaya iri ɗaya aka ɗora musu, ɗaya ya zama abin tsoro, ɗaya ya shafe shekaru yana fama har dabbar ta zama abokiyarsa. Gado ya ba Naruto gona mai faɗi, amma ba gadon ne ya yi masa noma ba.

To me ya raba shi da Gaara tun farko? A nan ne nake ganin sa'arsa ta gaskiya take. Naruto ya samu Iruka, malamin da dilar nan ta kashe wa iyaye, amma ya danne zafin da ke ransa ya riƙi yaron, yana saya masa taliya, har ya tare masa makami da bayansa. Daga baya Kakashi da Jiraiya suka ɗora. Gaara kuwa mahaifinsa ne ya riƙa aika a kashe shi. Idan aka duba da kyau, abin da muke kira sa'ar Naruto yawanci wahalar wasu ce: iyayen da suka ba da ransu a daren haihuwarsa, da malaman da suka yi haƙuri da shi. Bai biya ko ɗaya daga ciki da guminsa ba.

Hausawa sun daɗe da sanin maganar nan fuska biyu gare ta. Bakin da ya ce mai nema yana tare da samu, shi ya ce zafin nema ba ya kawo samu. Ta farko ana faɗa wa wanda bai tashi ba tukuna, don ya tashi. Ta biyu kuma ta wanda ya samu ce, don kada ya yi girman kai, da wanda ya rasa, don kada ya tsani kansa. Ɓarna na faruwa ne idan aka sauya musu wuri. Malalaci ya rungumi ta biyu ya kwanta, mai nasara ya rungumi ta farko ya dubi na ƙasa da shi ya ce lalaci ne ya hana su. Wanda ya ce ƙoƙari kaɗai ya kai Naruto inda ya kai, ko bai sani ba, ya ce Lee bai yi iya yinsa ba ke nan. Irin wannan hukunci muke yanke wa ɗalibin da ya kwana karatu da fitilar waya bayan ya wuni a kasuwa, idan muka jera sakamakonsa da na wanda aka ɗaukar wa malami har gida.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce abin da mutum ya yi da rabon da bai wahalta wa ba. Labarin ya amsa ta kusa da ƙarshe. A babban yaƙin, Might Guy ya buɗe ƙofa ta takwas ta ƙarfin jikinsa, wadda duk wanda ya buɗe ta mutuwa ce makomarsa, ya kara da Madara har Madara ya sallama masa a fagen dambe. Guy na kwance rai na fita, sai Naruto ya iso da wani sabon ƙarfi da aka ba shi kyauta ba da jimawa ba, ya ɗora masa hannu ya riƙe ransa. Guy ya rayu, ko da yake a keken guragu ya ƙarasa. Naruto ya zama shugaban Konoha na bakwai, Lee bai zama ba, kuma ba na jin wanda ya ga Lee tsaye a sume zai ce Naruto ya fi shi ƙoƙari. Abin da ya sa nake ganin girman Naruto shi ne ya ɗauki kyautar da aka yi masa tamkar bashi, ya riƙa biyan ta ga waɗanda ba a ba su ba.