Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Idan amarya ta yi yaji, ko ɗan kasuwa a Kurmi ya daina gaisawa da abokin cinikinsa, sai ka ji dattawa sun kaɗa kai sun ce ruwa ba ya tsami banza. Nufinsu akwai lauje cikin naɗi, kuma yawanci akwai wanda suke zargi. A ganina mun takura wa karin maganar nan, mun mai da ita ta farautar mai laifi. Wanda ya fara faɗarta ruwa ya duba, shi kuwa ruwa yakan lalace ko babu hannun kowa, muddin aka tafi aka bar shi.

Ɗauki gida a Yakasai ko Mandawari cikin birnin Kano. Maigida da uwargida sun samu kujerar Hajji, an kai yara wurin kaka, an garƙame ƙofa da kwaɗo. Daga tashi a filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa dawowa, wata guda ne ko fiye. A tsakar gida an bar randa rabi, da duro a buɗe, ga tankin roba a sama wanda murfinsa ya tsage tun bara. Babu wanda ya haura katanga, amma dalilan tsami sun riga sun hallara. Rana tana dukan ruwan, gansakuka kuwa haske da ɗumi take nema, sai bangon duro ya yi kore ya yi santsi. In hunturu ne ƙura ta sauka, in damina ce ganyen darbejiya ya faɗa ya ruɓe. Sauro ya zo ya zuba ƙwai, kuma a zafi irin na Kano kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwan ya zama sauro mai cizo. Kafin Alhaji ya dawo an ƙyanƙyashe zuriya uku ko huɗu, zazzaɓin kuma maƙwabta ne za su fara kwasa.

Masu hali da suka gina wurin ninƙaya a gidajensu na Nasarawa ko Bompai ba su tsira ba, nasu ma ya fi saurin nunawa. Abu biyu ke riƙe irin wannan ruwa: injin da ke juya shi yana tacewa, da sinadarin kulorin. Rana tana cinye kulorin cikin kwanaki kaɗan, injin kuwa sai da wuta. Wanda zai yi tafiya yakan ƙara maganin, ya lulluɓe ruwan da tamfol, sannan ya bar wanda zai riƙa kunna injin. In ya manta da na ƙarshen, kududdufi zai tarar, sai dai mai tayil.

Mutanen cikin birni sun san kududdufi tun kaka da kakanni. Ramuka ne da aka haƙa don ɗebo ƙasar gini, ta gidaje da ta badalar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. Ruwan damina ya taru a ciki, ba shiga ba fita, kainuwa ta rufe shi, kwatamin unguwa ya ƙarasa aikin. Ko rijiyar gida, an san wadda ake jan ta kullum ta fi wadda aka yi watsi da ita, shi ya sa bayan doguwar tafiya masu hankali sukan kira a yashe ta.

Akwai abin da ke ruɗar wasu a nan. Malaman Malikiyya sun koyar da cewa ruwan da ya canja saboda daɗewa a wurinsa, ko saboda gansakukar da ta tsiro daga cikinsa, yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne, sun kuma yi shi don sauƙaƙa wa mutane. Ba su ce a ɗura wa yaro ba. Ruwa yana iya halatta ga alwala ya kuma sa gudawa.

Aikin da ke kan mai tafiya ba shi da yawa. A zubar da ruwan randa da duro, a wanke, a kife su. A sauya murfin tanki, a rufe bakin rijiya da abu mai nauyi. Sauran kuma na mutum ne: a bar makulli wurin maƙwabci ko ƙane, a ce masa, “Malam, don Allah duk Juma'a in ka taso masallaci ka leƙa, ka saki famfo ya ɗan zuba, ka duba ko ruwa ya kwanta a wani wuri.” Da yawa ba sa yi, wai kada a ga cikin ɗakinsu. To, a kulle ɗakunan, makullin zaure da na tsakar gida kaɗai ake buƙata.