Hayaƙin Murhu: Ki Sani, Ki Sanar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

Ya 'yar uwata, lafiya amana ce. Allah (SWT) Ya hane mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195. Hadisi ingantacce kuma ya nuna mace makiyayiya ce a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta kiwonta.

To, akwai wata cuta da muka raina saboda sabo, wato hayaƙi. Mu matan Wurno, Rabah da Goronyo kullum muna gaban murhu, ga girki, ga turara shinkafa, sau da yawa da goyo a baya. Hayaƙin nan na ɗauke da baƙin ƙura mai laushi da ke shiga can cikin huhu, ya jawo tari, ciwon ido da limoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi ajalin mutane kimanin miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000.

Don haka ki yi girki inda iska ke wucewa, da busasshen itace. Kada ki hura wuta da leda ko roba. Ki sauke goyo nesa da murhu. Da hunturu, musamman ke mai jego, kada ki kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa cikin barci. Ki lallaɓi maigida ya nisanta janareta da taga. In yaro na numfashi da sauri, ko ƙirjinsa na lotsawa, sai asibiti, ba jira.

Sannan kada ilimin ya tsaya gare ki. Nana Asma'u 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a Wurno a 1837, ta karantar da jajojin 'Yan Taru, su kuma suka kai karatu ƙauyuka. Mu yi koyi da su. A Islamiyya, a gidan suna, a wajen biki, ki faɗa wa maƙwabciya da abokiyar zama, cikin laushin harshe, ba gori.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shirya mana zuri'a. Amin.