Asirin da ba a son a rufa

A bakin Bahaushe, asiri abu ne da ake roƙon Allah ya rufa. Tsohuwa a Mai Wurno, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, idan jikanta ya yi mata abin kirki ba dukiya take roƙa masa ba, rufin asiri take roƙa masa duniya da lahira. Asirin boka kuwa a ƙulle yake aiki, ranar da aka farke layar ya karye. Shi ya sa kunne yake ɗan tsayawa idan aka ji Kirista yana cewa bishara asiri ce da Allah ya ɓoye tun zamanin da, sa'an nan ya bayyana ta. Kalmar kenan da fassarorin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932, suke sawa a wasiƙun Bulus zuwa ga Romawa da Afisawa da Kolosiyawa. A ganina wannan asirin kishiyar namu ne: darajarsa a tonuwarsa take, kuma duk wanda ya mayar da shi ilimin 'yan tsiraru ya ɓata shi, ko da malamin coci ne.

Hujjar tana cikin abin da aka ce an ɓoye. Mai karatu zai zaci lissafin ranar tashin kiyama ne, ko wani suna mai buɗe ƙofofi. A babi na uku na Afisawa Bulus ya faɗe shi ƙarara, kuma magana ce ta gado: waɗanda ba Yahudawa ba, da ake wa kallon bare, suna da rabo daidai da 'ya'yan gida ta wurin Almasihu. Bahaushen yankin Jazira na Sudan Musulmi ne gaba da baya, amma ba ya bukatar tafinta a nan. Kakanninsa sun biyo hanyar Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga, hannun baƙin da suka fito daga yamma ya yi shara da tsinka mai yawa, amma hawasha, wato gonar da ake rubuta wa mutum da sunansa, galibi ta wani ce. Ma'aikaci yana kambo a bakin gari, ɗakin laka da kara, ruwan magudanar yana wucewa ta ƙofarsa zuwa gonar da ba tasa ba. Har yau ana ce masa Fallata, kuma a 2022 maganar ƙasa da sarauta ta ci rayuka a yankin Damazin da Rusairis. Labarin da ke cewa baƙo ya zama magaji ba shi da amfani in ba a yi shelarsa ba, domin magajin da bai san an sa shi a rabo ba yana nan a bare.

Mai hankali zai ce da sauran rina a kaba. In ga masu bi kaɗai aka bayyana shi, ai bai fita daga ɓoye ba, ɗaki kawai ya sauya, kuma wanda ya ƙi yarda sai a ce masa bai gani ba ne don bai yarda ba. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma akwai masu wa'azin da suka cancance ta. Sai dai a raba sanin magana da karɓarta. Babu kalmar da ake raɗa wa Kirista bayan baftisma wadda aka hana wa maƙwabcinsa. Littafin yana kasuwa, mai ƙaryata shi yana karanta shafin da mai gaskatawa yake karantawa. Abin da ya keɓanta da mai bi shi ne jingina rai a kai. Almajiri ma ya san irin wannan, domin farkon Baƙara ya danganta shiriya da masu taƙawa, alhali kowa yana iya ɗaukar allo. Haka tambayar makomar waɗanda suka mutu kafin bayyanar: malaman Musulunci sun daɗe suna fama da 'yar'uwarta a maganar mutanen fatara. Saɓanin gaske yana wani wuri, a kan gicciye da matsayin Annabi Isa, kuma babu dabarar harshe da za ta share shi. Gara kowa ya san iyakar gonarsa.

Suka mafi nauyi ƙasa ce take yin ta. A gabashin kogin nan da ke shayar da Jazira, kusa da Khartum, akwai kangon Soba, babban birnin daular Alwa ta ƙasar Nuba. Bishop Longinus ya yi wa sarkinta baftisma a 580, kuma Kiristanci ya yi kusan shekara 900 a wurin. A ƙarni na goma Ibn Sulaim al-Aswani ya ba da labarin majami'unta da lambunanta da unguwar Musulmi a cikinta. Wajen 1504, lokacin da mutanen Funj suka kafa Sinnar, Soba ta riga ta rushe. Idan gaskiya ce aka bayyana, ina ta tafi? Yaƙi da ƙaurar kabilu da juyawar hanyoyin fatauci duk sun taka rawa, amma akwai wani abin da ya fi shafar batunmu. Cocin Nuba ya rataya ne a kan fada da kuma bishop da ake naɗowa daga Iskandariya, ibada kuma da yawanta da Girkanci. Limamin Fotugal Francisco Alvares, da ya zauna a Habasha daga 1520, ya ba da labarin wasu mutanen Nuba da suka zo roƙon a ba su limamai su koya musu addininsu, aka mayar da su hannu rabbana. Sun san kakanninsu sun bar musu wani abu, amma mabuɗin yana hannun wasu. Bulus ya yi maganar abin da aka fito da shi fili, su kuwa masu riƙon sun mayar da shi cikin laya. Da masu tona ƙasa suka shiga Soba a shekarun 1980, harsashin manyan majami'u suka tarar, jan tubalinsu ma an daɗe da kwashewa an yi wasu gine-gine da shi.