Shaidar Masunci

Bahaushe yana da kalma ɗaya da yake jibga wa duk abin da ya firgita shi cikin duhu ko ƙarƙashin ruwa, wato dodo. Mu da muka tashi a Birnin Malam, cikin ƙasar Jega, mun sha labarinsa, domin Gulbin Gindi, wanda shi ne ƙarshen Gulbin Zamfara, yana ratsa ƙasarmu, kuma duk inda gulbi yake ba a rasa gurbin da ake hana yara shiga. Idan yaro ya yi boko ya dawo gida, dodo ne abu na farko da yake zubarwa. Ban ga laifinsa ba. Abin da ke damuna shi ne yakan haɗa da mai ba da labarin ya zubar. Don haka nake tambaya: idan dattijon da ya shekara arba'in bisa kwale-kwale, bai taɓa riƙe alƙalami ba, ya ce ya ga wata halitta da babu ita a littafi, mene ne haƙƙinsa a kaina, ni mai littafin?

Turawa suna da wani fanni da za a iya kira neman ɓoyayyun dabbobi, wanda Bernard Heuvelmans ya yi wa shimfiɗa da littafinsa na 1955. Mai shakka yana da hujja babba a kan wannan fanni. Tun 1933 ake neman dodon tafkin Ness a Sikotilan, da jiragen ruwa da na'urori, ba a samu ko ƙashi ɗaya ba. Hoton da ya fi shahara, na 1934, sai a 1994 asirinsa ya tonu: ɗan jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kai da wuya. Mutum yana son abin mamaki, kuma yakan ga abin da zuciyarsa ta riga ta tanada. Wannan gaskiya ce, ba zan yi jayayya da ita ba.

Sai dai tarihin ilimin dabbobi yana da wani shafi da mai shakka ba ya son buɗewa. A 1901 aka sanar da duniya cewa an gano okapi a dazukan Kwango, dabba mai dangantaka da raƙumin dawa, mai zane a ƙafafu irin na jakin dawa. Mazauna dajin sun daɗe suna farautarta, kuma da taimakon mutanen ƙasar Harry Johnston ya sami fatar da ya aika Landan. A nan Nijeriya ma, sai a 1993 masana suka san da wani biri mai jan gashi a fadamun Neja-Delta, alhali 'yan ƙabilar Ijaw suna da sunansa tun kaka da kakanni. Da aka zo raɗa masa sunan kimiyya, nasu sunan aka ɗauka, epieni. To, wa ya gano wa? Kalmar "ganowa" a irin wannan wuri ba ta nufin ranar da ido ya fara ganin dabbar. Tana nufin ranar da wanda duniya ke karɓar shaidarsa ya gan ta. A ganina wannan ya fita daga batun dabbobi ya shiga batun adalci.

Akwai abu biyu a cikin kowane labarin dodo, kuma rashin raba su ne ke sa mai gaskatawa da mai ƙaryatawa duk su yi kuskure. Akwai abin da ido ya gani, akwai kuma fassarar da harshe ya yi masa. Buzaye a yankin Ingal na Jamhuriyar Nijar suna ganin manyan ƙasusuwa a cikin ƙasa, suna danganta su da wata halitta ta almara mai suna Jobar. Da ayarin Paul Sereno ya haƙo su a 1997, sai aka tabbatar da ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba ce mai dogon wuya da ta ƙare tun zamanin da ya shuɗe da nisa, aka sa mata suna Jobaria a 1999. Fassarar Buzaye ba ta tsaya ba, amma idonsu bai yi ƙarya ba. Wanda ya yi wa almarar dariya ya wuce, ya bar ƙashin a kwance.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ba mu bukatar aron ma'auni daga waje. Malaman hadisi sun bar mana hanyar auna labari, kuma ana karantar da ita a zaurukanmu har gobe. Wane ne mai ruwayar? Da idonsa ya gani ko ji ya yi? An san shi da ƙarya? Yaya ƙarfin kiyayewarsa? Akwai wasu da suka faɗi irin maganarsa ba tare da sun haɗa baki ba? Babu inda suka tambayi dukiyarsa ko kyan rigarsa. Ba ina daidaita darajar hadisi da hirar bakin gulbi ba ne, Allah ya kiyaye. Ladabin binciken nake nufi: a saurara sosai, a tambaya da tsanani, a jinkirta hukunci. Wannan shi ne haƙƙin masunci a kaina. Bai cancanci in gaskata shi don furfurarsa ba, kuma ban isa in ƙaryata shi don takardata ba.

Wani zai ce wannan buɗe ƙofa ce ga camfi. Ni kuwa na ga camfi ya fi ƙiba inda aka daina tambaya. Ga ayu misali.

Ayu dabba ce ta gaske, tana cikin Kogin Kwara, har a sashen Yawuri da tafkin Kainji, kuma Sarkawa sun san ta sani na haƙiƙa. Masana sun shigar da ita littafi tun 1795. Ba kifi ba ce: tana leƙowa ta shaƙi iska, tana kiwon ciyawar ruwa, tana shayar da ɗanta da nonon da ke kusa da hammatarta. Tsawonta yakan kai mita 3. (Abin dariya, mun ba wani kifi sunan giwan ruwa, alhali ayu ce masana suka ce 'yar uwar giwa ce ta kusa.) Wanda ya hango ta da almuru ta ɗago kai daga ruwa, bai yi hauka ba idan ya ce ya ga macen ruwa. Kolumbus ma a 1493 ya rubuta cewa ya ga 'yan matan ruwa uku, kuma ana kyautata zaton dangin ayu ya gani.

Amma dubi abin da almara ta jawo mata. An ce manta yana jawo soyayya da farin jini, sai man ayu ya zama haja a wurin masu kayan mata. Mai saye ba shi da hanyar sanin ko abin da ke cikin kwalbar ya taɓa kusantar gulbi, kuma ba ya tambaya. Ɗan bokon da ya nemi masunci ya kawo hujja, shi ne zai miƙa kuɗi a kan kwalba ba hujja. Idan man na jabu ne, an cuci mutum. Idan na gaske ne, an kashe dabbar da take ɗaukar ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta daɗe ba ta sake ba. Madatsun ruwa sun tsare mata hanya, raga tana shaƙe ta, har a 2013 aka sa ta cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe.

A nan ne na ga bambancinmu da masu neman dodon Sikotilan. Su suna ƙoƙarin fito da halitta daga tatsuniya su shigar da ita littafi. Mu kuwa halittunmu na gaske ne suke ficewa daga gulbi da daji suna komawa tatsuniya. Yaro a Maiyama ko Aliero ya san kura a bakin kakarsa, tare da gizo da ƙoƙi, amma da wuya ya taɓa jin kukanta da dare. Ayu tana kan wannan hanya. Idan Basarken ƙarshe da ya san inda take kiwo ya rasu, jikansa zai ji sunanta kamar yadda muke jin dodo, wani mai digiri kuma zai tabbatar masa cewa camfi ne.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga gulbi a gefenmu, ga dattawan su da ransu tukuna. Da ni ɗalibin ilimin halittu ne, da na ɗauki littafi na zauna gaban ɗayansu na tambaye shi a wane wata ya gan ta, a wane gurbi, ruwa na cika ne ko na janyewa, wace ciyawa ya tarar an cinye, kuma wa ke cikin jirgin tare da shi a ranar.