Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Masu magani sun san sabuwar zuma ta lasa ce, amma idan ciwo ya ci tura, wadda ta shekara a tulu ake nema. Daga nan Bahaushe ya ɗauko wannan magana, yana nufin abin da aka raina don tsufansa shi ake komawa gare shi ranar buƙata.

Na tuna ta ne ranar da muka buɗe adakar wata gwaggona a Unguwar Gano, muka tarar da takardar fam ɗaya a naɗe cikin tsumma. Tun da naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya naira biyu, wannan takarda ba ta sayen ko ƙosai a Gyaɗi-Gyaɗi. Amma masu tara tsofaffin kuɗi nemanta suke yi, har su biya abin da ya ninka abin da aka rubuta a jikinta.

Me suke saye? Labari. Kuɗin da aka canza a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, don a kashe waɗanda ke hannun Biyafara, labari ne. Haka naira ashirin ta 1977, takardar farko da ta ɗauki hoton ɗan ƙasa, wadda har yau muke kira Murtala. Haka ƙananan takardun da ke ɗauke da ajami kafin Babban Banki ya cire shi a 2007. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin "naira biyar" da baƙaƙen allo ba, abin da ni kam har gobe yana min ciwo.

Sai dai karin maganar zuma ta ambata, ba ta ce tsohon kunu ba. Zuma ba ta ruɓewa, takarda kuwa gara da laima da gumin lalita ba sa barinta. Wadda aka buga da yawa, ta sha ninki da manja, tsufanta ba ya ƙara mata kwabo. Mai saye ƙaranci yake dubawa, da tsabta, da kaifin kusurwa. Ta gwaggo ma ta yi laushi kamar ganyen rama, don haka darajarta ta tsaya a gida.

In ka tsinci irinta a kayan gado, kada ka goge ta da dutsen guga, kada ka liƙe ta da leda. Sa ta a miƙe cikin ambulan, nesa da danshi.