Alhakin Harsashi Yana Wuyan Wa?

Ƴan'uwa, akwai kalmar da mukan fake da ita sa'ad da ɓarna ta fito daga hannunmu. Kalmar ita ce tsautsayi. Mukan ce, "Ban yi da gangan ba," mu kuma ƙara da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ko rashin nufi ya isa ya wanke mutum? Bari mu auna wannan tambaya da sha'anin maharban Amurka, gama sun daɗe suna gardama a kanta.

A can, kowace kaka miliyoyin mutane sukan shiga daji farautar wata irin barewa mai farar wutsiya. Bindigar da ta yi suna a wannan farauta ita ce Winchester ta 1894, wadda John Browning ya tsara. An ƙera fiye da miliyan 7. Tana da wani hannu na ƙarfe daga ƙasa. In maharbi ya ja shi ya mayar, sai kwanson da aka harba ya fita, sabon harsashi ya shiga, gudumar da ke baya kuma ta ɗanu. Harsasan suna jere cikin wani bututu, bakin wannan a gindin wancan. Shi ya sa ake yi musu baki mai faɗi, domin mai tsini yana iya fasa na gabansa.

Kusan shekara 100 babban abin da ke tsare wannan bindiga shi ne rabin ɗana. Maharbi yakan sauke guduma a hankali da babban yatsa har ta tsaya rabin hanya. In yatsa ya suɓuce saboda sanyi ko gaggawa, bindiga tana iya tashi. A 1983 kamfanin Marlin ya sa wa nasa bindigogi wani ɗan makulli da ake turawa ya tare guduma. A 1992 aka sa wa Winchester irinsa. Tsofaffin maharba da yawa suka ji haushi. Suka ce makullin gaskiya yana cikin kan mutum, wanda kuwa ya dogara ga ƙarfe zai yi sakaci. Waɗansu har cire shi suke yi.

Akwai gaskiya cikin maganarsu. Wanda ya nuna wa abokinsa bakin bindiga da wasa, wai don yana da makulli, wawa ne. Amma maganar tasu ta manta da abu guda: mutum yakan gaji, yakan manta, ƙafarsa takan zame. Shari'ar Musa, a Maimaitawar Shari'a 22:8, ta umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da ɗan bango, don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Maigidan nan ba ya nufin ture kowa. Shi kansa ya san rufinsa, ko da duhu ba zai faɗi ba. Bangon na baƙo ne da yaro. Haka makullin bindiga yake, na wanda ke tafiya a gabanka ne. Wanda ya cire shi don ya amince da yatsansa, da ran wani ya yi caca.

Mu zo kan harsashin. Waɗansu maharba da kansu suke zuba nasu. Sukan narkar da darma, wadda ke narkewa a zafin digiri 327, su haɗa ta da kuza kaɗan, su zuba a mazubi. Aiki ne mai kyau, ga kuma arha. Sai dai irin wannan harsashi yawanci bai kai na kanti mai rigar jan ƙarfe gudu ba, yakan kuma yi saurin karkata ƙasa. Saboda haka dole maharbi ya matso kusa. In ya harba daga nesa, yana iya karya wa barewa ƙafa ko ya huda mata ciki, ta gudu ta mutu a ɓoye bayan kwanaki. Zai ce bai yi nufin azabtar da ita ba. Gaskiya ne. Amma ya san iyakar kayansa, kwaɗayi ne ya sa ya ƙetare ta. Maharbin kirki yakan bar dabba ta wuce in bai tabbata ba, ko da zai koma gida hannu biyu. In kuwa ya yi mata rauni, yakan bi sawun jini har ya same ta.

Aikin darma bai ƙare da faɗuwar barewa ba. Maharbi yakan feɗe ta a daji ya bar kayan ciki, da guntayen darma a cikinsu. Ungulu da gaggafa sukan sauko su ci. A Kalifoniya akwai wata babbar ungulu wadda in ta buɗe fikafikai sun kai kusan mita 3. A 1982 guda 22 kaɗai suka rage a duniya. A 1987 aka kama sauran da ke daji duka don a kiwata su. Bayan an sake mayar da su daji, darma ce babban abin da aka ga yana kashe su. Tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da darma, a 2019 kuma Kalifoniya ta hana ta a kowace irin farauta. Masu zubi suna cewa harsashinsu ba ya tarwatsewa cikin nama kamar mai saurin gudu. Ko da haka ne, darma dafi ce, ta kuma fi cutar da ƙananan yara, waɗanda su ma suke cin naman.

Maharbin barewa ba ungulu yake aunawa ba. To, laifin wa? Fitowa 21:28-29 ta raba shari'ar sa mai tunkuyi gida biyu. In ba a san shi da halin ba, mai shi ya kuɓuta. In kuwa an riga an gargaɗe shi bai tsare san ba, jinin yana wuyansa. Kakan da ya yi harbi da darma bai san tana kashe tsuntsu ba yana da uzuri. Jikan da aka faɗa masa, aka kuma nuna masa harsashin jan ƙarfe, uzurinsa ya ragu. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma kunnen da ya ji ya ɗauki kaya.

Ashe tambaya uku ake yi wa mutum. Me ka nufa? Me ka sani? Me kake iya yi don ka hana, ba ka yi ba? Yawancinmu mukan amsa ta farko mu tsaya, gama ita ce mai sauƙi.

Mai karatu, wataƙila ba za ka taɓa riƙe irin wannan bindiga ba. Amma akwai mai rijiyar da ba murfi, akwai mai babur da birki ya mutu, akwai mai ajiye maganin ƙwari inda hannun yaro ke kaiwa. Duk sun san abin da ke iya faruwa. Tsautsayi na gaskiya shi ne abin da ya auku bayan mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Abin da ya auku kafin haka, sunansa sakaci. Yau da yamma, kowa ya zaga gidansa ya duba inda bango bai kewaye ba.